Ba waƙar ce ta ɓata albam ɗin ba, inda aka ajiye ta ne

Tun makon jiya ake ta cece-kuce a majalisarmu ta Ƙofar Ƙaura kan sabon albam ɗin wani matashin mawaƙi na nan Katsina. Waƙoƙin soyayya ne masu sanyi, kiɗan fiyano yana tafiya a hankali, kwatsam sai ga wata a tsakiya: kalangu da gurmi an cakuɗa su da ƙarar na'ura, babu amshi, muryar ma kamar daga cikin rijiya take fitowa. Mafi yawan abokaina sun ce ta tsinke musu jin daɗi, gara a cire ta.

Ni dai ban yarda a cire ta ba. 'Yan uwa, mu faɗa wa kanmu gaskiya, abin da ke kashe albam a wajenmu shi ne waƙoƙi goma su zo da kiɗa ɗaya da kalmomi ɗaya, har ka kasa gane inda wannan ta ƙare waccan ta fara. Yaron da ya yi ƙarfin halin gwada sabon abu a sitidiyo, alhali ya san soyayya ce ke kawo kuɗin biki, ya cancanci a saurare shi.

Inda na ga laifinsa shi ne jeri. Marigayi Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999 aka binne shi a Daura, gaban jama'a yake waƙa. Yana kallon fuskoki, in ya ga wuri ya yi sanyi sai makaɗa su ɗaga kiɗa. Albam ba ya ganin kowa, don haka jerin waƙoƙin ne kaɗai ke yin wannan aikin. A zamanin kaset ma akwai sauƙi: kaset mai minti 60, kowane gefe minti 30 ne, dole ka tashi ka juya shi. Wannan ɗan shirun yana wanke kunne, mai hikima sai ya sa waƙa mai zafi a ƙarshen gefen farko. Yanzu a waya babu juyi, daga murya mai taushi sai ka faɗa cikin hayaniya ba sallama. Da ya sa wata mai matsakaicin zafi kafinta, ko ya bar kalangu ya fara shigowa tun a wutsiyar wadda ta gabace ta, da ba a yi wannan ƙorafin ba.

Wani abin dariya kuma, rabin masu ƙorafin a wajen masu tura waƙa a kasuwa aka zuba musu ita a memori, haɗe da wa'azi da waƙoƙin siyasa, wayar tana zaɓo duk wadda ta ga dama. Malam, kai da ba ka taɓa jin albam ɗin a jere ba, wane tsari aka ɓata maka?