Ba laifin ƙuruciyar yaran ba ne

Na karanta rahotonku kan matuƙan jiragen yaƙin Ingila da suka riƙa faɗuwa wajen sauka lokacin horo bayan Yaƙin Duniya na Biyu, amma ban yarda a ɗora laifin kan ƙuruciyarsu ba. Ku dubi jirgin Gloster Meteor. Injinansa biyu suna nesa da juna a kan fikafikai, amma sai a umarci ɗalibi ya kashe guda da gangan, ya koyi sauka da ɗaya. Da zarar gudu ya ragu dab da ƙasa, injin da ke aiki sai ya fizgi jirgin gefe guda. Yaro na danne fedar saita kan jirgi iya ƙarfinsa har ƙafarsa na rawa, kafin ƙiftawar ido jirgi ya kife. Samfurin T.7 na koyo kuwa, ko kujerar da ke cilla matuƙi waje ba shi da ita.

Rundunar sojin saman Ingila, wato RAF, ta yi asarar Meteor wajen 890, matuƙa kimanin 450 suka mutu, akasarinsu ba a fagen daga ba. Wallahi abin da ciwo. Uwa ta gama murnar yaƙi ya ƙare, sai ga takardar rasuwar ɗanta a bakin ƙofa.