Laburaren cikin kwamfuta: a daina ɗora wa tabarau laifi

Tun da hukumar birnin Seoul ta rufe dandalinta na Metaverse Seoul, wata duniyar kwaikwayo ta cikin kwamfuta, a watan Oktoban 2024, bai ko cika shekara biyu da buɗewa ba, masu tallar wannan harka suke ta maimaita magana ɗaya. Wai fasahar ce ba ta nuna ba tukuna, a ƙara haƙuri tabarau ɗin da ake sawa a ga kai cikin irin wannan duniya su rage nauyi su yi araha, za a ga jama'a sun cika ɗakunan karatu da wuraren bukukuwa na cikin kwamfuta. Maganar nan tana ɓata min rai, domin an doshi shekara ashirin ana yin ta, kuma duk wanda ya bi tarihin abin ya san ba a nan gizo ke saƙar ba.

Ai ba yau aka fara ba. Kamfanin Linden Lab ya buɗe Second Life a 2003, wata duniya ta kwaikwayo da mutum zai shiga da kwamfutarsa, ya zaɓi surar da za ta wakilce shi, ya yi yawo, ya yi gini, ya yi hira. A 2006 wata haɗakar ɗakunan karatu ta jihar Illinois a Amurka, Alliance Library System, ta kafa laburare a ciki, a tsibirin da ake kira Info Island. Ba a buƙatar wani tabarau a lokacin. Kwamfuta ce da intanet kawai. Za ka taka har gaban teburin tambaya, ka rubuta abin da kake nema, ma'aikacin laburare na gaske, yana zaune a gidansa bayan ya tashi daga aiki, ya amsa maka, ya nuna maka inda za ka samu. Ana zaman tattauna littafi, ana gayyato marubuta, ana baje kolin tarihi. Akwai ma laburaren Seanchai, inda masu sa kai suke karanta labarai da muryarsu, jama'a daga ƙasashe daban-daban suna zaune suna saurare. Waɗanda rashin lafiya ko naƙasa ta tsare a gida suna cikin waɗanda suka fi cin moriyar wannan zama.

To me ya kassara shi? Kuɗin haya. Filin na kamfani ne, shi ke yanka farashi. A ƙarshen 2010 Linden Lab ya sanar da janye rangwamen rabin kuɗi da yake yi wa makarantu da ƙungiyoyin sa kai, aka wayi gari haya ta ninka. Jami'o'i da dama suka tattara nasu ya nasu suka fice, gine-ginen da aka ɓata watanni ana tsarawa suka ɓace. Abin da ya tsira shi ne abin da mutane suka riƙe da hannunsu: masu sa kai suka ci gaba da aikin da sunan Community Virtual Library. Su ba su jira sabon tabarau ba.

Kuma abin bai tsaya kan kamfani ɗaya ba. Microsoft ya rufe AltspaceVR a watan Maris na 2023, wurin da mutane suka saba haɗuwa don waƙe da wasanni da laccoci. Mozilla ta rufe nata dandalin, Hubs, a watan Mayun 2024, bayan malamai da gidajen tarihi sun gina ɗakuna a kai. Bahaushe ya ce zanen aro ba ya rufe katara. Aikin laburare na farko shi ne adanawa, abin da aka ajiye yau jika ya zo ya tarar. Ta yaya za ka damƙa wannan amana ga kamfanin da zai iya kashe na'ura ranar da lissafinsa bai fita ba?

Masu cewa kuɗi ne bai isa ba, su dubi Meta. Tun da kamfanin Facebook ya sauya suna zuwa Meta a Oktoban 2021, sashensa na Reality Labs mai kula da wannan harka yake tafka asara, sama da dala biliyan 13 a 2022, sama da biliyan 16 a 2023. Tarayyar Turai kuwa ta kashe kusan yuro dubu 387 kan wani dandali, ta shirya biki a ciki a ƙarshen Nuwamban 2022, ɗan jaridar da ya leƙa ya ce mutanen da ya tarar ba su wuce a ƙirga da yatsu ba. An gina zaure, an ƙawata shi, babu wanda ya tsaya ya tambaya me zai kawo mutum. Wannan ba gazawar na'ura ba ce, rashin tunani ne, da son a yanke kyalle a ɗauki hoto.

Masu cewa duk abin wasan yara ne kuwa, ban ga dalilin tsayawa jayayya da su ba. Su je su ga laburaren da ƙungiyar kare 'yan jarida ta RSF ta buɗe cikin wasan kwamfuta na Minecraft ranar 12 ga Maris, 2020. A ciki aka ajiye rubuce-rubucen da aka hana karantawa a ƙasashe irin su Masar da Rasha da Saudiyya, har da na marigayi Jamal Khashoggi, ɗan jaridar Saudiyya, domin gwamnatin da ta toshe jarida ba lallai ta toshe wasan yara ba. Wannan laburare yana da dalilin zama inda yake. Abin da ya fi burge ni kuma, kowa na iya sauke shi gaba ɗaya a kwamfutarsa, ko da an rufe babbar ƙofar, kwafin yana hannun jama'a.

Na san tallar nan za ta iso mu, idan ma ba ta iso ba. Za a zo da hotuna masu sheƙi a ce a gina wa Kano ko Sakkwato gidan tarihi na cikin kwamfuta, alhali rubuce-rubucen ajami na gidajen malamai suna cikin akwati gara na ci. A fara ɗaukar hotonsu, a ajiye a inda hukumar laburare ce ke da iko, a tsarin da ƙaramar waya za ta iya buɗewa ba tare da ta cinye data ba. A ɗauki ma'aikatan da za su zauna su amsa tambaya, a biya su albashi. Duk kamfanin da ya zo da tayin gini, a tambaye shi a rubuce: ranar da ka rufe, wa zai kwashe mana kayanmu, kuma a wane tsari? In ya kasa amsawa, ya kama gabansa.