Takardar Magini da gidan da ya hana mu sayarwa

Ruwan farkon daminar bana ne ya yaye kwanon ɗakin Kaka a gidanmu na gado da ke Zangon Kumasi, a Ghana. Muka taru muna kwashe mata kaya, ita kuwa tana zaune a tsakar gida tana ba da umarni sai ka ce biyanmu za ta yi. A ƙasan wata tsohuwar adaka, ƙarƙashin zannuwan da rabonta da ɗaura su tun ina yaro, na ci karo da wata gafaka da fatarta ta bushe ƙayau. Na ce, “Kaka, wannan fa?” Ta ce, “Kai maigida, aje mini kayana, takardar Baba ce.”

Baban da take nufi kakan mahaifina ne. Ita ce autarsa, ita kaɗai ta rage cikin 'ya'yansa. A unguwa ba a kiransa da sunan yanka, Magini kawai ake cewa, har yau in tsoho zai yi wa baƙo kwatance sai ya ce ya tambayi gidan Magini. Takardar falle biyu ce, rubutun tawada da alƙalamin kara, buɗewarta da Larabci, sauran da ajami. Wasiyya ce. Kuɗin da aka ambata a ciki fam ne da sule, ke nan an rubuta ta kafin 1965 da aka kawo sidi, kuɗin Ghana. Wata uku ke nan takardar nan ta hana ni sukuni, shi ya sa yau zan ɗan ja ku da nisa. Mai sauri ya wuce abinsa.

Mun taso ana gaya mana cewa Magini jinin sarakunan magina ne, wasu a dangi har suna jingina shi da Babban Gwani, wanda ya gina tsohon masallacin Juma'a na Zariya. Na daɗe da lura cewa a Zango ba wanda kakansa ya zo da kaya a ka. Kowa jikan sarki ne, ko jikan shehi, ko jikan madugu. To wa ya ɗauko goron? Ayarin da ke zuwa Gwanja da kanwa da tufafi ya koma da goro, ai ba madugai ne zalla a cikinsa ba, mafi yawansu 'yan alaro ne da masu kora jakai. Takardar ta raba gardama. Da bakinsa ya sa aka rubuta cewa shi mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Katsina, ya biyo ayari yana yaro, kuma ba a gida ya gaji gini ba, a nan kurmi ya koya.

Da na ɗora wannan a kan tarihin da ke rubuce sai abubuwa suka fara zama daidai. Salaga, babbar kasuwar goro, ta watse da yaƙin basasar 1892, fatake suka bazu zuwa Kete Krachi da Yeji da Kintampo. Turawa suka kama sarkin Asante, Prempeh na ɗaya, a 1896, aka yi yaƙin Yaa Asantewaa a 1900, daga nan Kumasi ta buɗe wa baƙi. A 1903 jirgin ƙasa ya iso daga Sekondi, goro ya fara bin teku zuwa Ikko maimakon ya bi ƙafa wata da watanni. Yaron ayari da ayari ya mutu a hannunsa, me zai yi? Gari na cika, kowa na neman ɗaki. Sai ya shiga kwaɓa ƙasa.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne layin da ya yi maganar wanda ya koya masa sana'a. Ba Bahaushe ba ne, ba ma Musulmi ba ne, mutumin wajen Togo ne, ya kuma ce a nemi 'ya'yansa a kai musu riga da fam guda. Da farko abin ya ɗaure mini kai, sai wani tsohon magini a Aboabo ya warware mini. Ginin ƙasar Hausa, na tubali da azara da rufin soro, da bakan gizo da zankwaye, gini ne na ƙasar da rani ya fi damina tsawo. Ko a Kano sai an bi shi da yaɓe da makuba kafin ruwa ya sauka. Kumasi kuwa damina biyu take yi a shekara, giginyar da ake tsaga azara da ita ba ta kurmi ba ce. Ka yi soro a nan, ka yi wa kanka kabari. Abin da ke tsayawa shi ne ginin da ake kira atakpame, sunan wani gari ne a Togo: a kwaɓa jar ƙasa, a cura, a ɗora sahu guda mai tsayin kamu ɗaya ko fiye kaɗan, a bar shi ya sha iska ya bushe kafin a ɗora na gaba, sannan a rufa da kwano mai faɗin baki don ya kare bango daga feshi. Na koma gida na tsaya a bayan ɗakin Kaka inda siminti ya ɓare, ga sahun nan ana gani ɗaya bisa ɗaya, har da gurbin yatsu. Shekara arba'in ina wuce bangon nan ban taɓa kallonsa ba. Amma tsarin gidan na Bahaushe ne tsaf, zaure a gaba, sannan a karya kwana kafin a ga tsakar gida. Hannu na Togo, kai na Katsina.

Kaka ta ce Baba yakan ce ya tsaya da ƙafarsa ne a shekarar annobar ɓera. Wannan 1924 ce, lokacin da annoba ta faɗa wa Kumasi, aka rushe gidaje a tsohon Zango, aka gina sabo. Masifar wasu ta zama kasuwar magina, haka duniya take. A dangi ana kuma cewa da hannunsa a ginin fadar Manhyia da aka yi wa Prempeh a 1925 bayan dawowarsa daga Seychelles. Na je ma'ajiyar takardun tarihi ta gwamnati a nan Kumasi, ma'aikatan suka taimaka mini iyakar iyawarsu, amma irin takardun da Turawan mulki suka bari sun fi damuwa da nawa aka kashe da wane Bature ya duba aiki. Masu ɗaukar ƙasa a ka lissafi ne kawai, ba suna. Shi ma bai ambaci fadar a wasiyyarsa ba, don haka ni na daina faɗa.

Abin da ya ambata, kuma da shi ya fara tun kafin ya zo kan gida ko gona, bashi ne. Sule kaza na mai koko da ke ba leburorinsa karin kumallo. Cikon kuɗin kafinta na ƙofofi biyu. Kafin alƙalamin da wani ya ba shi na ɗaki bai kai ga ginawa ba, ya ce ko a mayar masa da kuɗinsa ko yaronsa ya gama aikin. Sannan waɗanda yake bi, da sunayensu, uku daga ciki ya ce ya yafe, kada a tambaye su. Sai ya zo kan sulusi: ɗakin da ke jikin zaure da kayan aikinsa duka ya bar wa yaronsa, wani ɗan arewacin Ghana da ya zo hannunsa ba uwa ba uba.

Ga inda nake so mu yi magana ta gaskiya. Mutumin nan bai yi boko ba, karatun allonsa ma bai yi nisa ba tunda sai da ya nemi malami ya rubuta masa. Amma ya kira shaidu, ya zauna, ya lissafa har sulen mai koko. Mu jikokinsa, masu digiri, masu waya biyu, masu fili a Sawaba da Asokore Mampong, mutum nawa ne a cikinmu ke da layi ɗaya a rubuce? Ka ce wa dattijo ya rubuta wasiyya, sai ya ce kana yi masa fatan mutuwa. Ka ce wa saurayi, sai ya ce me ya tara. Alhali aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi take. Hadisin Ibn Umar kuma kowane ɗalibin makaranta ya san shi, cewa bai kamata Musulmin da ke da abin yin wasiyya ya kwana biyu ba tare da tana rubuce a wurinsa ba. Muna karanta shi a zaure, mu shafa fatiha, mu tashi.

Na san amsar da za a ba ni a ƙasan rubutun nan: ai Allah ya riga ya raba gado a Suratun Nisa'i, wasiyya ba ta wuce sulusi, kuma ba a yi wa magaji wasiyya, to rubutun na mene ne? Duka gaskiya ne. Amma malamin da zai raba gado ba ya duba, abin da aka ajiye a gabansa yake rabawa. Bai san kuɗin da ke cikin wayarka na adashin mata ba ne. Bai san shagon kasuwar Kejetia na haɗin gwiwa ba ne da ƙaninka. Kuma biyan bashi yana gaban wasiyya da gado.

Akwai kuma abin da da yawanmu ke kauda kai daga gare shi: a Ghana muke, ba a Kano ba. Tun 1985 akwai dokar rabon gadon wanda ya mutu bai bar wasiyya ba, PNDCL 111, kuma ba ruwanta da addinin mamaci. In gida ɗaya ya bari, na mata da 'ya'ya ne tare. Sauran dukiya a kasa 16, mata ko miji 3, 'ya'ya 9, iyaye 2, sauran 2 a raba bisa al'ada, ba ta kuma bambanta ɗa namiji da 'ya mace. Rabon da malam ke yi mana a zaure yana tafiya ne muddin kowa ya yarda. Ranar da mutum ɗaya ya ce bai yarda ba ya nufi kotu, alƙali ba zai buɗe babin fara'id ba, dokar ƙasa zai buɗe. Wanda ke son a raba dukiyarsa yadda addininsa ya ce, hanyarsa ita ce ya rubuta, bisa dokar wasiyya ta 1971: a rubuce, da sa hannunsa ko dangwalen yatsa, a gaban shaidu biyu da ke wurin lokaci guda, kuma kada shaidun su zama cikin masu cin abin. Ana ma iya kai ta Babbar Kotu a ajiye a rufe. Ka haɗa malami da lauya a zama ɗaya, kowa ya duba ɓangarensa.

Kada a ɗauka na zo wanke kakana ne tas. Layin ƙarshe na takardar shi ne ya jefa mu cikin halin da muke ciki: ya ce kada a sayar da gidan, ya zauna na zuriya. Na gane dalilinsa. Wanda ya kwana a zauren mutane yana yaro ba zai so jikansa ya rasa wurin sa haƙarƙari ba. Amma malaman da na tambaya sun ce mini gida da zarar mai shi ya rasu ya zama haƙƙin magada, sai dai in waƙafi ya yi da sharuɗɗansa, shi kuwa bai yi ba. 'Ya'yansa suka ji nauyin maganar uba, ba su raba ba. Suka mutu ɗaya bayan ɗaya, gado ya hau kan gado, abin da malamai ke kira munasakha. A 1969, da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda kwana 14 su bar ƙasar, 'ya'yansa biyu suka kwashi iyalansu suka tafi Nijeriya, duk da a nan aka binne cibiyarsu. Jikokinsu na can, kuma suna da haƙƙi a kowane ɗaki. Yau in ka ce a kawo kuɗin kwano, kowa sai ya ce ai ba shi kaɗai ba ne. In ka ce a sayar, a ce Baba ya hana. Gidan magini guda, ga shi muna tara ruwa da bokiti a tsakar ɗaki. Da 'ya'yansa sun zauna tun ran gini tun ran zane, sun rubuta wa ke da wane ɗaki, wa zai riƙa gyara, da ba mu kai nan ba. Shi ya rubuta nasa, har da kuskurensa, shi ya sa ma muke iya ganin kuskuren. Su ba su bar mana ko kuskure a rubuce ba.

Jikokin yaronsa har yanzu suna ɗakin jikin zaure, kuma ɗakinsu ne kaɗai ba ya yoyo, don su sun san nasu ne. Da na karanta musu layin da ya shafi kakansu, babbar cikinsu ta shiga ɗaki ta fito da wani cokalin gini da bakinsa ya cinye ya zama kamar ganyen mangwaro, ta ce ba su taɓa sanin a rubuce yake ba, kullum a tsorace suke wata rana za a ce su tashi.

Na ɗauki hoton falle biyun na tura wa dangi na Ankara, babban birnin Ghana, da na Kano da na Jamus a WhatsApp, na kuma sa wani malami ya juya ajamin zuwa boko saboda yaran da ba sa iya karantawa. Mun sa ranar zama bayan Babbar Salla. Na tambayi Kaka ko an kai wa 'ya'yan mutumin Togo rigarsu da fam ɗinsu. Ta yi shiru, ta ce ita dai ta tuna an biya mai koko, don ita aka aika da kuɗin a ƙulle a bakin zane.