Kujerar baya da kofin shayi

Ranar Laraba da daddare muke taruwa, mu tara ko goma, a falon wata tsohuwa a unguwar Torry, tsallaken kogin Dee a birnin Aberdeen na ƙasar Sikotlan. Nazarin Littafi Mai Tsarki ne irin na gida-gida, sai dai ba tabarma, ba ganga, ba mai tashi ya ɗauko waƙa. Kowa yana nutse cikin kujera mai laushi, kofi a hannu, farantin biskit a tsakiya, wani ƙaton kare mai gashi kwance jikin hita yana minshari. Watan Disamba ne, rana ta faɗi tun wajen ƙarfe uku da rabi, iskar teku tana kaɗa taga kamar mai neman a buɗe mata. Garin nan da dutse mai launin toka aka gina shi, gidaje da majami'u da bankuna duka, idan hadari ya sauko sai ka rasa inda bango ya ƙare sama ta fara.

Muna cikin Ibraniyawa sura 12, wurin da aka ce mu yar da kowane nauyi da zunubin da ke ɗaure mana ƙafa, mu yi tseren da haƙuri muna zuba wa Yesu ido. Sai wani tsoho ya ajiye kofinsa a kan gwiwa. Dattijon ikkilisiya ne, ya haura saba'in, ya yi aikin jirgin kamun kifi tun yana yaro kafin ya koma rijiyoyin mai na cikin teku. Shi ne ke zagayawa da farantin gurasa ranar Jibin Ubangiji. Ya ce, da muryar da mutum zai ce motarsa ta lalace: "Ranar Asabar na sha. Shekara goma sha ɗaya ban taɓa ba, Asabar na sha rabin kwalba."

Na sunkuyar da kai. Kunya ta rufe ni sai ka ce ni na sha. Ina jira a yi salati irin namu, wata ta dafe ƙirji, wani ya ce a rufe taro. Matar gidan ta miƙe, ta ɗauko buta ta ƙara masa shayi. Wani ya tambaye shi ko ya kira mutumin da ke riƙe da shi a ƙungiyar masu yaƙi da shan giya, wadda ke zama a ɗakin taron majami'a. Ya ce ya kira. Aka yi masa addu'ar da ba ta kai minti biyu ba, aka koma aya ta biyu. Ranar Lahadi ga shi a gaba, da farantinsa, ya miƙo mini gurasa. Na karɓa, amma hannuna bai so ba.

Ku da ke gida ba sai na faɗa muku yadda za ta kaya ba. Kafin Juma'a majalisar dattawa ta zauna, ranar Lahadi bayan baiko a karanta sanarwa, sai horo a kujerar baya, wata shida ko shekara. Duk wanda ya taso a majami'a a ƙasar Malumfashi ya san kujerar nan, ya san wa da wa suka zauna a kanta, har da na zamanin da ba a haife shi ba.

Na fito daga gidan tsohuwar ina cika ina batsewa. A tashar bas nake ce wa kaina, ai shi ya sa majami'unsu suka koma mashaya. Ba sharri nake musu ba. A titin Union da titin Belmont akwai gine-ginen majami'u, da hasumiyarsu da tagoginsu masu gilashi kala-kala, da yanzu giya ake sayarwa a ciki. A ƙidayar 2022 mutum 51 cikin ɗari na Sikotlan sun ce ba su da addini, kuma shi ne karo na farko da suka haura rabi. Wannan fa garin da aka haifi Mary Slessor ne a 1848, wadda ta ƙare rayuwarta a ƙasar Kalaba tana ceton tagwaye. Na ce a raina, mutanen da suka daina jin nauyin zunubi, me ya rage musu?

Sai da bas ya haye gada na tuna abin da ke cikin aljihuna.

Laifi tudu ne. A lokacin nan na yi wata biyar ina cacar ƙwallo a waya. Aikin kula da tsofaffi nake yi, na dare, awa goma sha biyu. Tsakanin ƙarfe biyu da huɗu, idan an juya masu bukatar juyi, an canza wa masu bukatar canji, gidan yakan yi tsit, ba abin da kake ji sai ƙarar injin iska na katifu. Da fam biyar na fara. A nan ba sai ka laɓe ka shiga wani shago ba, duk da shagunan ma suna nan birjik. Tallar tana zuwa maka a talabijin, a rigar 'yan wasa, a allon gefen fili. Wata ɗaya kuɗin makarantar yara ya bi ruwa, na ce wa maman yara an rage mana awannin aiki. Tun Maris 2024 gwamnatin Birtaniya ta hana sabbin masu bizar irin aikinmu ɗauko iyali, ni kuwa bayan nan na zo, saboda haka ba mai ganin fuskata da safe balle ya karanta ta.

A gida ban taɓa yin caca ba. Na ɗauka tsoron Allah ne ya hana ni. Ashe rabinsa tsoron mai shagon caji ne, wanda ƙanen matar fasto ne, da tsoron mai acaɓan da zai ce ya gan ni. Da aka ɗauke idanun nan sai na ga ainihin girman bangaskiyata, ba ta cika ludayi ba. Yusufu ma baƙo ne a Masar, ba uwa ba uba, ba kowa a gidan Fotifar ranar nan, amma ya bar rigarsa ya gudu. Ni rigar ma ban nemi cirewa ba, gyara zama na yi.

To kada in zama marar adalci, tsohon nan ne ya taimake ni. Bayan mako biyu na tare shi a wurin ajiye motoci na faɗa masa. Bai yi mamaki ba, bai kuma yi mini wa'azi ba. Ya ce, "Ɗana, kawo wayar." Muka zauna a motarsa, hita a kunne, gilashi ya yi hazo, ya sa ni na yi rajista da GamStop, wani tsari da ke toshe sunanka daga duk kamfanonin cacar intanet masu lasisi a ƙasar. Ana zaɓen wata shida, shekara ɗaya ko shekara biyar. Na kai yatsa kan wata shida, ya kalle ni, na danna biyar. Ya ce duk daren da hannuna ya yi ƙaiƙayi in kira shi, shi ma ba barci yake yi ba. Yakubu 5:16 ke nan, ku riƙa faɗa wa juna laifofinku kuna yi wa juna addu'a. Ayar da na haddace tun a makarantar Lahadi, amma a motar Bature na fara ganin an yi ta. A gida wa za ka faɗa wa? Ka faɗa wa aboki, ya faɗa wa matarsa don "su sa ka a addu'a", kafin zumuntar mata ta tashi ranar Talata labarinka ya riga ka zuwa kasuwa. Kuma mun san kujerar baya ba ta cin kowa daidai. Yarinyar da cikinta ya fito ita ke zama, wanda ya yi cikin yana kaɗa jita a gaba, wanda ya ci kuɗin ginin majami'a kuwa sai a ce a rufa wa aikin Ubangiji asiri.

Na faɗi wannan. Amma duk da haka, in aka ce in zaɓa, gida zan zaɓa, kuma ba zan yi dogon tunani ba.

Tausayin mutanen nan na wanda ya kawo kansa ne. Idan ka buɗe baki, za su rungume ka. Idan ka yi shiru, za su bar ka da shirunka har ka ruɓe, su kira shi girmama sirrin mutum. Cikin watannin cacar nan na yi Lahadi huɗu a jere ban je sujada ba. Abin da na samu shi ne saƙon waya guda ɗaya, mai ladabi, cewa ana fata ina lafiya, ba matsi. Ba matsi! Ni kuwa a lokacin matsi nake nema ido rufe. A ƙauyenmu ka isa ka yi fashin Lahadi biyu? Kafin ka wanke ido ranar Litinin, ga keken Baba dattijo jingine a jikin danga, yana zaune a kan turmi yana jiranka, ba gayyata ba sallamar waya. "Yaro, ba mu gan ka ba." Shi ke nan, sai ka fara kame-kame. Makiyayin da ke cikin misalin bai aika wa ɓatacciyar tunkiya saƙo cewa ba matsi ba, barin tasa'in da tara ya yi ya shiga daji. Annabi Natan ma bai jira Dauda ya nemi ganawa ba.

Ni na yi sa'a ne kawai tsohon ya yi magana a gabana. Mutum nawa ne irina a ɗakunan haya na garin nan, 'yan Filato da 'yan Kudancin Kaduna da 'yan Adamawa, waɗanda a gida su ne shugabannin matasa da mawaƙa, yanzu Lahadi ranar ƙarin kuɗin aiki ce, ba kuma mai tambaya?

Abin da ya ƙara ba ni haushi shi ne da na gano su ma sun yi kujerar. A zamanin da, majami'ar Sikotlan tana da kujerar tuba, ita kuma ba a baya take ba, a gaba take kusa da mimbari. Dattawa su yanke wa mazinaci ko mashayi yawan Lahadin da zai zauna a kai, wani lokaci sanye da tsumman buhu, fasto yana tsawata masa da suna gaban jama'a. Yanzu ta zama kayan tarihi kawai. Da na ba wata abokiyar aiki labarin tamu kujerar, ta zaro ido ta ce wannan ai zalunci ne. Na yi murmushi kawai. Kakanninta sun fi namu tsanani, sun gaji sun jefar, suka haɗa da jaririn da ruwan wankan gaba ɗaya suka watsar. Mu aƙalla wanda aka sa a horo ana zuwa gidansa. Ana kai masa tuwo. Ranar da aka karɓe shi, mata su yi guɗa, a ɗauko waƙa, ya taso daga baya zuwa gaba kowa yana miƙa masa hannu. Na ga ƙato ya yi kuka a wannan tafiyar ta taku ashirin. Bulus ma da ya ce a hori mutumin Koranti, shi ne ya dawo ya ce horon ya isa haka, a ta'azantar da shi kada baƙin ciki ya haɗiye shi. Tsohon Torry bai zauna a baya ba, amma ba wanda ya yi masa guɗa. Shayi aka ƙara masa.

Wataƙila ba horon nake kewa ba. Baba dattijo ya rasu bara da damina, a waya na ga jana'izar, hoton yana tsayawa yana tafiya, ina zaune a ɗakin hutun ma'aikata da safar roba a hannu. An ce keken yana nan a zaure, ba wanda ya taɓa shi.

Na faɗa wa maman yara gaskiyar kuɗin makarantar a watan Fabrairu. Ta yi shiru har na ɗauka layi ya yanke. Da ta dawo ba ta yi faɗa ba, cewa ta yi daga yau duk ranar albashi in turo mata hoton takardar banki, kuma ta faɗa wa Inna. Na ce don me za ki faɗa wa Inna? Ta ce, "To wa zan faɗa wa?" Yanzu kowace Lahadi, ina fitowa daga aikin dare ido ya yi jawur, wayar Inna ce ke fara shigowa. Ba ta tambayar sanyi, ba ta tambayar aiki. "Ka yi wanka? Ƙarfe nawa ake shiga?" In ce sha ɗaya, Inna. Ta ce za ta sake kira sha biyu da rabi ta ji aya nawa aka karanta, kuma takan kira.