Farautar Kublai Khan: mai zane ya rufa wa sarki asiri

A gidan tarihin fada da ke Taipei, a Taiwan, akwai wani zane a kan alharini, irin wanda ake rataya shi a bango, in an gama kallo a naɗe kamar tabarma. Liu Guandao ne ya zana shi a 1280, ya nuna Kublai Khan, sarkin Mongol, ya fita farauta. Masu yabo sukan tsaya a kan kyan dawakai da iya hannu. Ni kuwa ina ganin aikin siyasa ne tsantsa.

A duba shekarar. A 1279 ne dakarun Kublai suka gama da daular Song ta Sinawa, ƙasar Sin baki ɗaya ta dawo hannunsa. Sai ga shi bayan shekara guda a kan baƙin doki, ya ɗora farar rigar fata mai gashi irin ta mutanensa Mongol a kan tufafin alharini na Sinawa. Kowane ɓangare ya ga nasa ke nan. Ga mace a gefensa, ga masu shaho, ga kare, ga wata dabba dangin damisa zaune ɗaram a bayan wani mahayi. Wani maharbi ya murɗa jiki a kan sirdi, ya ɗana kibiya sama yana hakon tsuntsu. Can nesa, ayarin raƙuma na ratsa rairayi hankali kwance, wato hanyar fatauci lafiya lau take.

Amma a lokacin sarki ya kai shekara 65. Marco Polo, matafiyi Ba'italiye, ya ba da labarin cewa ciwon gaɓoɓi ya sa a kan giwaye huɗu ake ɗaukarsa zuwa farauta, cikin wani ɗan ɗakin katako. Ina giwayen a zanen? Babu ko ɗaya. Mai zanen fada ai ba zai zubar da tuwonsa ba.

Sarakunan Manchu, waɗanda suka mulki Sin daga baya, su ma sun bi wannan sawu. Sarki Kangxi ya keɓe dajin Mulan a 1681 domin farautar kaka, wadda a gaskiya atisayen soja ce da kuma jan hankalin shugabannin Mongol. Jikansa Qianlong ya sa Giuseppe Castiglione, wani Ba'italiye ɗan mishan, ya riƙa zana shi a wannan daji, bisa doki.

Wani zai ce kyan zane bai dogara da niyyar wanda ya biya kuɗinsa ba. Na yarda, hannun Liu Guandao abin a sara masa ne. Sai dai duk wanda ya ɗauki wannan zane a matsayin shaidar yadda sarkin yake farauta, to ya fara tambayar inda aka ɗaure giwayen.