Wai babu labari a unguwarku?

Wata baiwar Allah marubuciyar littattafan Hausa ce ta yi wani rubutu. Wai ita dole ta kai jaruminta Dubai saboda "rayuwarmu ta nan ba ta da abin rubutawa". Har da masu tafa mata. To sannunku da ƙoƙari!

Ni abin da na gani lalaci ne, lalacin kunne. Mutum ya tashi a gidan da ake da kishiyoyi uku da 'ya'ya goma sha, ana rabon gado shekara da shekaru an kasa gamawa, amma ya zauna ya ƙirƙiro mana wani Alhaji ɗan shekara 27 mai jirgin sama na kansa, ba ya dariya, ba ya magana, sai ya haɗu da 'yar talla ta mare shi. Sau nawa za a mari wannan bawan Allah? Kuncinsa bai gaji ba?

Labari yana ƙofar gidanku. Ku tuna farkon 2023 lokacin canjin kuɗi, da aka sauya takardun naira 200 da 500 da 1000. Magidanci da kuɗinsa a banki amma ya kwana da yunwa da iyalinsa, mai POS ya koma sarki ana yi masa fadanci, mai kayan miya a ƙauye ta ce ita ba ta san wani taransifa ba. A layin ATM kaɗai an ƙulla abota, an yi dambe, mai yiwuwa an ƙulla aure ma. Wa ya rubuta mana wannan? Ko a 2013 da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano, ina samarin nan suka nufa? Wanda ya ci bashi ya sayi babur sati guda kafin dokar, me ya faɗa wa matarsa a daren? Wannan tambayar kaɗai littafi ce. Ga ambaliyar da ta shiga Kantin Kwari a 2022 ta jiƙa dilolin atamfa da shadda, yaron shago yana tsaye yana kallon jarin maigidansa a cikin ruwa, ga bikinsa saura wata guda.

Na san abin da za a ce, wai masu karatu sun gaji da talauci, hutu suke nema. Ku bar wannan zancen. Wa ya ce labarin gida dole sai kuka? Ku zauna a gidan biki ku saurari habaicin da dangin ango da na amarya suke jefa wa juna a kan kayan lefe, in ba ku yi dariya har da hawaye ba ku zo ku same ni. Masu cewa kuma labarin masu kuɗi ne ke kawo ciniki, Allah ya ba da kasuwa, amma a daina ɗora wa unguwa laifi.

Marubuciya Hajiya Balaraba Ramat Yakubu an cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana ƙaramar yarinya. Abin da ta gani da idonta a gidajen Kano shi ta zuba a takarda, har aka fassara aikinta zuwa Turanci aka buga shi a Indiya. Mu muna kwaso labarin fina-finansu, su kuma sun zo sun ɗauki namu. Gasar gajerun labarai ta Hikayata ta BBC Hausa da aka fara a 2016 ma, labaran da suka fi taɓa mutane na cikin gida ne: zawarci, gudun hijira, 'yar aiki, uwar miji.

Don Allah ƙannena marubuta, da gaske nake yanzu. Ku cire abin kunnen nan idan kun shiga Adaidaita Sahu. Ku je kotun shari'a ku zauna a benci na baya ku ji yadda mace ke bayanin dalilin da ya sa take neman khul'i. Ku zauna wurin kakarku tun tana da rai, ku tambaye ta yadda aka kai ta ɗakin miji. Yadda take faɗar maganar ma ku riƙe shi, don irin wannan Hausar ba a samunta a waya.