Zagin da muke yi wa kanmu ba tawali'u ba ne

Jama'a, akwai wata ɗabi'a da ta yi mana katutu a garin nan na Jos, mun ƙi kiranta matsala saboda muna ɗaukarta ƙanƙan da kai. Ka zauna teburin mai shayi a Bauchi Road, ko ka hau keke daga Terminus zuwa Farin Gada, ka kasa kunne. "Ni dai ba ni da sa'a." "Kaina ba ya ja." "Irinmu ai ba ma zuwa ko'ina." Mai faɗa yana dariya, masu ji su ce Allah ya kyauta, a wuce wurin. Wannan wanda ya fito fili ke nan. Abin da mutum ke gaya wa kansa in dare ya raba, ya ja bargo, ya fi haka muni nesa ba kusa ba.

Kwanaki na kai ɗinki shagon wata tela a Anguwan Rogo. Yarinyar da ke koyon aiki a wurinta ta yanka wuyan riga, almakashi ya zarce. Tun kafin uwar ɗakinta ta ɗago kai, yarinyar ta saki atamfar, murya na rawa: "Anti, wallahi ni daƙiƙiya ce, ba zan taɓa iyawa ba." Matar ta karɓi rigar, ta ɗora tef, ta auna, ta ce: "Wuyan ya yi faɗi da inci ɗaya. Shi ke nan abin da ya faru. Miƙo min ƙyallen can mu yi masa baki." Allah ya saka wa wannan baiwar Allah da alheri. Ta faɗi kuskuren daidai girmansa, ba ƙari ba ragi, alhali yarinyar ta riga ta yanke wa rayuwarta hukunci a kan inci ɗaya.

Daga ina yarinya 'yar wannan shekaru ta samo kalmar? Ba da ita aka haife ta ba. A gida ta ji, ko a aji. Mu ne muke ce wa yaro shashasha don ya zubar da koko, mu ce "dubi ɗan gidan wane" ranar da aka kawo sakamakon jarrabawa. Mace aurenta ya mutu, a yi ta raɗa cewa farar ƙafa gare ta. Yaro ya girma, mai zagin ya tsufa ko ya rasu, amma zagin na nan, sai dai yanzu da muryar shi kansa yaron ake yinsa. Mu da muka yarda bakin uwa na kama ɗa, ban san me ya sa muke wasa da abin da ke fita daga bakinmu ba.

Masana sun daɗe da lura da wannan. A shekarun 1960, wani likitan ƙwaƙwalwa a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka, Aaron Beck, ya gano cewa masu ciwon damuwa na fama da wasu tunane-tunane masu faɗowa a rai da kansu, cikin ƙiftawar ido, kuma mutum ya karɓe su a matsayin gaskiya ba tare da bincike ba. Ya ce wuri uku suke kai hari: yadda kake kallon kanka, yadda kake kallon duniya, da yadda kake kallon gobenka. Ni ba komai ba ne, babu mai ƙaunata, ba kuma za ta canza ba. Hanyar jinyar da ya assasa, wadda ake amfani da ita har yau, ta ginu ne a kan kama irin wannan tunani a tuhume shi.

Gane shi ba wuya. Yana son kalmomi masu share fage: kullum, kowa, babu wanda, ba zan taɓa ba. Da ka ji ɗaya daga cikinsu a ranka, tsaya. Rubuta maganar a takarda ko a waya yadda ta zo. Sannan ka tambaye ta shaida, kamar yadda alƙali ke tambayar mai ƙara. "Duk abin da na taɓa sai ya lalace." Duka? Yaran da kake ciyarwa fa? Bashin da ka biya bara fa? Sau da yawa za ka tarar abu ɗaya ne ya lalace, shi ma da dalilinsa.

Dalilin nan kuwa ina so mu tsaya a kansa. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga nan ta ci gaba da hawa. Kuɗin mota ya ninka, kaya suka yi tashin gwauron zabi, jarin masu ƙaramin ƙarfi ya karye. Dattawan da suka yi asara a gobarar kasuwar Terminus ta 2002, da yawansu ba su sake miƙewa ba. Sai ka ga magidanci ya haɗa kai da gwiwa yana cewa shi ne ragon maza. Haba Malam! Ka ɗauki naka laifin in akwai, amma kada ka ɗora wa kanka na ƙasa baki ɗaya.

Na san wani zai ce ai addini ya umarce mu da yi wa kai hisabi. Ƙwarai. Amma hisabi na nuna aiki ne: na yi ƙarya jiya, zan je in gyara. Cin mutuncin kai kuwa ba ya barin ƙofar gyara, cewa yake kai ɗin ne lalatacce. A hadisin da Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira, Annabi (SAW) ya ce ka yi kwaɗayin abin da zai amfane ka, ka nemi taimakon Allah, kada ka gajiya, in wani abu ya same ka kada ka ce "da na yi kaza da kaza", domin "da na" tana buɗe wa Shaiɗan ƙofar aiki. 'Yan'uwanmu Kirista ma suna karanta "ka ƙaunaci maƙwabcinka kamar kanka". Wanda ya tsani kansa, da wane ma'auni zai auna wa maƙwabci?

Ba kuma ina cewa ka tsaya gaban madubi kana yi wa kanka kirari ba. Zuciya ba ta karɓar abin da ta san ƙarya ne. Gaskiya kawai za ka faɗa, daidai girmanta. Wanda JAMB ta ba shi maki kaɗan, "bana ban ci ba, lissafi ne ya kayar da ni" ya ishe shi, don daga nan ya san littafin da zai buɗe. Ethan Kross na Jami'ar Michigan da abokan aikinsa sun nuna a 2014 cewa in mutum ya kira sunansa yana yi wa kansa magana, kamar yana ba aboki shawara, hankalinsa ya fi kwanciya. Gwada ka gani. Abin da ba za ka iya faɗa wa ƙaninka ido da ido ba, bai kamata ka faɗa wa kanka ba.

Sai dai akwai inda takarda da biro ba sa isa. In abin ya kai mako biyu, barci ya ƙaurace, abinci ya fita rai, abin da kake so a da ya daina burge ka, ko ka fara jin gara ma ka mutu, to ciwo ne, kuma yana da magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa 'yan Najeriya kusan miliyan 7 na fama da ciwon damuwa. A Janairun 2023 aka sa hannu a dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo na da sashen likitocin wannan fanni. Ka ci gaba da addu'arka, ka kuma je a duba ka. In ƙafarka ta yi nauyi, ka gaya wa mutum ɗaya da ka amince da shi ya raka ka. In kuma kai aka gaya wa, don Allah kada ka ce masa "ka cika raki". Ka tashi ku tafi tare.